Bushiyar da Ba Tamu Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, kamar yadda na saba buɗe kowace.

Sana'ata rubutu ce tun ina saurayi. Ba na boko ba, na ajami da Larabci, irin wanda ake zama a kan buzu da alƙalamin kara da kwalbar tawada a gefe. A Hunkuyi aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan nake har yau. Mutum yakan kawo mini littafin da ya gada, gara ta fara cin gefensa, in juya masa shi a sabuwar takarda. Wani ya aro waƙar wa'azi yana son ya mallaki tasa, ya kawo mini. Da wannan da ɗan noman rake Allah ya rufa mini asiri. Da injin kwafi ya shigo gari masu kawo aiki suka ragu, idona ma ya ragu, sai abin ya zo daidai.

Allah ya ba mu 'ya'ya, amma wadda zan yi magana a kanta ita ce ta fari, Allah ya jiƙanta. A gidanmu, kamar gidajen mutanen da, ba a kama sunan ɗan fari. Ni nakan ce mata "ke", in ba ta nan in ce "yarinyar nan". Mahaifiyarta ta fi ni tsanani. Tun tana jaririya ba ta yi mata wasa a gaban mutane, kakarta ce ke goya ta. Da ta girma, in wata ta yabi hankalinta, uwar sai ta miƙe ta shiga madafa kamar ta tuna da tukunya. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma haka aka tarbiyyantar da mu.

Ta yi allo a gabana har ta sauke, ta yi boko har ta zama malama. Aure ya kai ta Makarfi, a can take koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Ni ban san komai a wannan fanni ba. Na taɓa tambayarta me take koya musu, danne-danne? Ta yi dariya, ta ce kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, tana da nata harsunan, wanda ya iya ɗaya daga ciki zai ba ta umarni ta bi. Ɗaya daga cikin harsunan nan take koyarwa. Damuwarta ita ce littattafan duk da Turanci suke. Ɗalibanta kuwa 'yan Gazara ne da Nasarawan Doya da ƙauyukan kewaye, kafin su gama kokawa da Turancin an tashi darasi. Ta ce za ta rubuta musu nasu da Hausa.

A wani dogon hutu, damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, ta zo gida ta yi mako biyu. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ta baza takardu. Da hannu take fara rubutawa, don wuta ba ta da tabbas, sai in an kawo ta juya a kwamfuta. Wata rana na dawo daga gona na tsaya a kanta. A saman kowane darasi akwai hoton wata 'yar bushiya a tsaye da ƙafa biyu, idanu wuri-wuri, ta ɗaura ɗankwali, tana riƙe da karan rake kamar sandar malamin makaranta. A gabana ta zana wata. Ba ta duban komai, hannunta na tafiya kamar nawa in ina zayyana gefen shafi.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ta ce, "Jagorar ɗalibai ce, Baba. Tana gaba suna biye."

"Abu mai rai ne."

"Bushiya ce kawai."

"Bushiya ba ta da rai?"

Na karɓi biron da ke hannunta na ja layi a wuyan hoton, yadda malamanmu ke yi don kada sura ta cika. Ta dafe kai ta ce, "Haba Baba! Ka yanka mini ita ko bisimilla babu? Ai ta zama mushe. Kuma ni na yi ta neman wuyan bushiya ban samu ba, kai yanzu-yanzu ka gano shi?"

Na ji mahaifiyarta ta ƙyalƙyale da dariya a madafa, ta yi maza ta mayar da shi tari. Ni ma murmushi ya ci ƙarfina, na mayar mata da bironta, ban taɓa sauran hotunan ba. Ban kuma tambaye ta daga ina bushiyar ta fito ba. Na ga hannunta na zanawa, sai na yanke cewa daga kanta ta fito. Ni ne kuwa ya kamata in fi kowa sanin cewa hannun da ya rubuta ba lallai shi ya wallafa ba.

Ba ta ga littafin ya fito ba. Bayan girbi ta kwanta rashin lafiya, ciwon bai kai mako biyu ba. Ba zan tsawaita a nan ba, hannuna ba ya so. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sadakar arba'in mijinta ya zo da wata jaka. Takardun ne, da wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da ya ce duk littafin yana ciki. Ya ce ta gama darussan, gyara kawai ya rage. Na ce za mu buga shi, ya zame mata sadaka mai gudana. Maganar hoton mai rai ma sai na je na tambayi wanda ya fi ni sani, ya ce abin da aka yi don koyar da yara akwai sauƙi a ciki. Na ji daɗin amsar fiye da yadda ya kamata mai tambaya ya ji.

Ranar da aka kawo jakar mahaifiyarta ta zauna tana juya takardun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta karanta boko, Alƙur'ani da ajami ta iya, saboda haka hotunan take bi. Ta zare shafi guda, wanda bushiyar ta fi fitowa sosai, ta ba ƙanen mijin marigayiya ya sa mata a gilashi. Ta rataya a ɗakinta, saman kabad ɗin kwanuka.

Daga nan na fara jin abin da ban taɓa ji ba. Mata na ci gaba da zuwa gaisuwa, ni kuma ina zaure ko ina alwala a tsakar gida, sai in ji muryarta: "Kun ga wannan? Zanen yarinyar nan ne. Da kanta ta ƙago shi, ba wanda ya nuna mata. A gindin mangwaron can take zama." Matar da shekara talatin da 'yan kai ba ta taɓa cewa ko shara yarinyar nan ta iya ba. Har yanzu ba ta kama sunan, amma tana yabo, kuma in ta gama takan samu ta ci abinci. Kafin wannan sai an yi da gaske take kai loma. Na gode wa Allah da ya ba ta abin riƙewa.

Ni ma ban tsira ba. Na faɗa wa abokan zamana a ƙofar masallaci, na faɗa wa mai maɗaba'a a Zariya. Na ce ya rubuta a bangon littafin da manyan baƙaƙe cewa rubutu da zane duk na marigayiya ne. Ya ce to, amma shi bai san harshen kwamfutar nan ba, a samo wanda zai duba kada a buga kuskure. Mijinta ya ce akwai aminiyarta, tare suka yi karatu, tana koyarwa a Ikara. Kirista ce, iyayenta daga kudancin jihar nan suka zo, amma a Ikara ta tashi, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Na san ta, ta zo ta'aziyya ta yi kuka kamar 'yar gida. Aka kai mata aikin.

Bayan mako uku ta zo Hunkuyi da kanta. An idar da azahar, na dawo na same ta a tsaye a ƙofar gida, ta ƙi shiga ciki. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, 'yata. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya makaranta?"

Muka gaisa yadda ya kamata. Na ce ta shiga wajen mamanta. Ta ce za ta shiga, amma tana son ta fara ganina ni kaɗai. Muka zauna a zaure. Ta ce littafin ya yi kyau ƙwarai, kuskure kaɗan ta samu ta gyara. Sai ta shiga murza bakin gyalenta.

"Faɗi mana. Ko kin ga aljani a ciki?"

"Maganar bushiya ce, Baba."

Ta fito da waya ta matso da ita kusa da idona. Ga bushiyar nan, ita ce, ba ko shakka. Idanun nan, tsayuwar nan, 'yar ƙafar nan da ta karkace. Sai dai ba ɗankwali, ba karan rake. Ta shafa wayar, ga ta a rigar wani bature, ga ta a jikin kofi, ga ta a bangon littafi da rubutun da ban san na wace ƙasa ba ne.

Ta ce, "Kowane harshen kwamfuta yakan samu alamarsa, kamar yadda buhun taki ke da tambari. Wannan ita ce alamar harshen da muke koyarwa. Wata mata ce a ƙasar waje ta zana ta, tun da daɗewa. Duk wanda ya koyi harshen ya san ta."

Na janye idona daga wayar. Na ce, "Kina nufin yarinyar nan sata ta yi?"

"Allah ya kiyaye! Baba, ba sata ba ne. Matar ta bar wa duniya, ta ce kowa ya ɗauka, ya zana, ya canza, ya buga, ya sayar ma in yana so. Akwai takardar izini da ta rataya wa hoton, lasisi muke ce mata. Sharaɗi kawai ta sa."

"Kuɗi?"

"Ko sisi. Ta ce a ambaci sunanta cewa ita ta fara zanawa, a ambaci lasisin. In ka canza wani abu ka faɗi abin da ka canza. Kuma kada ka nuna kamar ita ko masu harshen ne suka sa maka hannu a littafinka. Shi ke nan."

Ta sake nuna mini wani wuri. A ƙarshen littafin, cikin kwamfuta, marigayiya ta jera wa kanta abubuwan da suka rage mata. Aminiyar ta karanta mini: a duba darasi na tara, a ƙara misalin awon hatsi, a sa sunan mai bushiya da lasisi a shafin ƙarshe. Ashe ta sani, ta yi niyya, kwana ne ya ƙare.

Duk da haka na yi gardama, kuma ina jin kunyar rubuta wannan. Na ce, "Ita matar za ta zo Hunkuyi ne? Ta san da wani gari wai shi Makarfi? Littafi nawa ma za mu buga?"

Ta ce, "Ba za ta zo ba. Ƙila har abada ba za ta ji ba. Ni dai abin da na gani na kawo maka, Baba. Kai ne malami."

Wannan kalmar ce ta mayar da ni baya. Na tuna lokacin da nake ɗalibi a hannun malamina, Allah ya yi masa rahama. Ya ba ni wata doguwar waƙar wa'azi in juya. Na yi kwanaki a kanta, na kai ƙarshe takarda ta ƙare saura baitoci kaɗan, waɗanda mai waƙar ya faɗi sunansa da na garinsu. Na ce ai wa'azin ya cika, na rufe da tammat na kai masa. Ya duba ya duba, ya ce, "Ina mai ita?" Na ce takarda ce ta ƙare. Ya ce, "To wanda ya karanta ya amfana, wa zai yi wa addu'a? Kai?" Ya sa na taka har kasuwa na nemo takarda, na sake shafin. Tun daga ranar ban rufe aiki ba sai na rubuta abu uku: wanda ya wallafa, wanda ya juya, da mai littafin. Kowa da gurbinsa. Ban san addinin matar nan ba, ban san ko tana raye ba, amma haƙƙi ba ya tambayar wannan. Ta ba da abinta kyauta, ta roƙi sunanta kawai. In na hana ta, na ci amanar da ta bar wa duk mutanen duniya, har da ni.

Na ce, "A gyara bangon. A sa sunanta."

Aminiyar ta share ido. Sai ta sassauta murya, ta dubi ƙofar cikin gida. "Baba, na ga hoton a ɗakin Mama ranar da na zo. Na ji abin da take faɗa. Wannan bayanin da boko za a rubuta, a baya, da ƙananan baƙaƙe. Mama ba sai ta sani ba."

Da alheri ta faɗa, ni kuma na karɓa da hannu biyu. Na ce haka za a yi. Ta shiga ciki suka gaisa, aka nuna mata hoton, ta ce ya yi kyau, ta ci abinci ta kama hanyar Ikara.

Na yi kwana tara a kan wannan shawara. Na ce wa kaina haƙƙin matar ya fita, tunda sunanta zai shiga littafi. Abin da ake faɗa a ɗakin tsohuwa mai makoki ba ɗab'i ba ne. Na kawo wa kaina hujjoji masu kyau, irin waɗanda da wani ne ya kawo mini su da na ce masa ya ji tsoron Allah.

Ran na tara wata 'yar'uwar matata ta zo daga Kudan da 'yarta budurwa, wadda take ajin ƙarshe a sakandare. Ina tsakar gida ina gyaran alƙalami na ji an fara. Labarin ya ƙaru. Yanzu har da cewa a gonar rake yarinyar nan ta ga bushiyar tun tana ƙarama, ta riƙe ta a rai. Ban ce ƙarya take yi ba, uwa ce take haɗa abin da ta tuna da abin da take so. Sai matata ta ɗaga murya ta ce, "Ga Malam nan, a gabansa aka zana. Malam, ba haka ba ne?"

Na ce, "A gabana ta zana."

Kalmomin gaskiya ne, amma na san abin da na gina da su. Kuma na ga budurwar nan ta ƙura wa hoton ido, ta buɗe baki, ta dubi uwarta, ta rufe. Ta gane shi, ƙila a makaranta ta taɓa ganinsa. Ita ta yi kara. Amma littafi zai fito, ɗalibai za su karanta bayansa, wata rana a gidan suna ko gidan biki wata marar kara za ta faɗa a gaban mata, matata ta tsaya ba ta da ta cewa. Sannan za ta juyo ta tambaye ni ko na sani.

Washegari da hantsi, bayan an karya, na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, abin da ban saba ba.

Ta ce, "Lafiya, Malam? Yau ba zaure?"

"Magana ce, Hajiya."

Na faɗa mata duka, a hankali, yadda aka faɗa mini. Na ce yarinyar nan ba ta yi laifi ba, ta ma rubuta za ta sa sunan matar. Na ce ɗankwalin nata ne, karan raken nata ne, hannun da ya ja layukan nata ne. Ba ta daina tsintar waken ba sai da na kai aya.

"Ita baturiyar ta aiko ne?"

"Ba ta aiko ba."

"To kai ne ɗan aikenta."

"Haƙƙinta ne."

"Na ji. A rubuta mata haƙƙinta a takarda, wa ya hana? Ni wa ya ce ka zo ka faɗa mini? Na tambaye ka?"

"Jiya kin sa ni shaida."

Ta ajiye faifan. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Ta ce, "Malam, kai ka koya mata karatu, kana da wannan. Mijinta yana da 'ya'yanta. 'Yan makaranta za su samu littafi. Ni tun ranar da na haife ta aka karɓe ta daga hannuna aka ba tsohuwa, aka ce in kau da kai. Na kau. Ta yi sauka ban yi guɗa ba. Ta zama malama ban ce komai ba. Sai da ƙasa ta rufe ta na samu abu ɗaya da zan nuna da yatsa in ce ga abin da ta yi. Shi ma ka zo ka ce na wata ne."

Na ce, "Ba duka ba."

"Ɗankwali," in ji ta. "Ka bar mini ɗankwali."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar kujera da ta taka, na ji ƙusa ta faɗo. Ban bi ta ba. Waken na nan a faifai har kaji suka fara taruwa, na kore su na ɗauke.

Shafin ƙarshe ni na tsara shi, yadda muke rufe littafi. Na rubuta da ajami, aminiyar ta juya da boko. Na ce littafin nan wallafar wance ce 'yar wane, Allah ya gafarta mata, wanda ya amfana ya sa ta a addu'a. Hoton bushiya kuwa asalinsa zanen wance ne, ta ba da izini kowa ya ɗauka bisa lasisi kaza. Marigayiya ta juya shi da hannunta, ta ƙara ɗankwali da karan rake. Mai zanen da masu harshen ba su da hannu a littafin nan, kuskuren da aka gani a ciki namu ne. Sunan baƙuwar ya ba ni wuya a ajami, sai da aka maimaita mini sau uku kafin na samu wasullansa.

Littafin ya fito lokacin da ake dafa mazarƙwaila. Mijinta ya kai wa makarantarta a Makarfi, aminiyar ta ɗauki na Ikara. An ce 'yan matan sun yi murna, wasu sun yi kuka. Na ɗauki ɗaya na ajiye wa mahaifiyarta a bakin gado. Ya yi kwanaki a inda na ajiye shi. Mata in sun tambaye ta ina hoton, takan ce ta adana, ta kawo wata maganar. Tsakanina da ita babu faɗa. Tana kawo mini abinci, tana amsa gaisuwa, tana tambayar ciwon ƙafata. Amma hirar da mukan yi bayan la'asar ta ɗauke.

Wata Juma'a da na dawo daga masallaci ta fito da littafin ta miƙo mini, ba ta dube ni ba.

"Rubutun ciki fa? Shi ma na wata ne?"

"Nata ne. Kowace kalma."

"Ka tabbata? Ka tambaya wannan karon?"

"Na tambaya."

"To karanta."

Bokona na tsofaffi ne, harafi-harafi nake haɗawa. Na buɗe darasi na farko na fara, ina tuntuɓe. Ni ban gane ba, ita ba ta gane ba. Maganar umarni ce da jerin aiki. Sai na zo inda marigayiya take ce wa ɗalibanta kwamfuta kamar sabuwar 'yar aiki ce marar wayo, in ka ce ta ɗebo ruwa ba ka ce ta ɗauki bokiti ba, da hannu za ta ɗebo, saboda haka kada su yi fushi da ita, su gyara bakinsu.

Mahaifiyarta ta ce, "Haka take magana." Ta sa gefen zane ta rufe fuska. Na ci gaba da layi biyu, ta ɗaga hannu. "Ya isa."

Na rufe. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta sauke zanen daga fuskarta. Sannan ta ce, "Me ka yi mini? Gaskiya ka faɗa." Ta karɓi littafin, ta shiga da shi ɗaki.

Ban sani ba ko wannan yafiya ce. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake cewa in karanta ba. Na san na sauke haƙƙin wata baiwar Allah da ba za ta taɓa sanin ina duniya ba, kuma da za a mayar da ni ranar nan, abin da zan yi ke nan. Amma wadda ta biya ba ni ba ne, matata ce, kuma ban nemi shawararta ba kafin in ɗora mata. Wannan nake kai wa gaban Ubangiji a sujada. Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya sanyaya zuciyar uwarta, ya gafarta wa wanda ya rubuta.